Muryar Da Ba Ta Numfashi

Alhaji Ishaku bai amsa gaisuwarta ba. Ya nuna mata darduma da hannu, ta durƙusa a gefe, shi kuma ya ajiye wayarsa a tsakaninsu ya danna.

Muryar mace ta cika falon.

"Shekara ɗari kana barci a cikin gilashin nan, ni kuma kullum sai na zo na goge shi da gefen mayafina. Ban taɓa jin maganarka ba, amma zuciyata ta riga ta ba ka kanta. Na san in ka farka, ni za ka fara nema."

Madina ta ɗago kai a hankali. Muryarta ce. Yadda take jan ƙarshen kalma, yadda take sassautawa idan ta zo wurin tausayi, duk ga su nan. Sai dai ba ta san waɗannan kalmomi ba. Ko a rubuce ba ta taɓa ganinsu ba.

Alhaji ya kashe wayar.

"Muryar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Baba."

"Madalla, tunda kin amsa."

"Amma wallahi ba ni na karanta ba."

Ya daɗe yana kallonta. Mutum ne da ya kwashe rayuwarsa a Abatuwa, mayankar Jos, yana harkar shanu da nama, ya saba gane mai gaskiya da mai kwana-kwana tun kafin a gama ciniki. Yau kuma ga 'yarsa ta ba shi amsa biyu masu karo da juna, kuma fuskarta ba ta nuna ƙarya a ko ɗaya ba.

"Madina, muryarki ce amma ba ke ba ce. Aljani ne ya ara?"

"Ban sani ba, Baba. Ni ma yanzu na fara ji."

"Ni kuwa tun safe nake ji. Yaran da ke fiɗa a gabana su suka kunna, suna ƙyafta wa juna ido. 'Yar Alhaji ce ke cewa zuciyarta ta ba wani kanta. Na ratsa ta cikinsu kamar an kwance mini rawani."

Hawaye suka taru a idonta.

Abin da ya kawo su nan ba ɓoyayye ba ne. Madina da Badruddeen, malamin kimiyya a wata sakandare da ke Kabong, su suka kafa shafin Labaran Jibi. Shi yake rubuta labaran, na jiragen da ke ratsa taurari da injinan da ke tunani, ya saka rubutun a Telegiram. Ita kuma ta karanta da murya, a ɗora a Yutub, daga nan ya bazu a Wasaf. Labarai ne masu barin mutum da tambaya. Akwai na matar da ta yi tafiya a jirgin da lokaci ke jan ƙafa a cikinsa, ta dawo ta tarar 'yarta ta girme ta, aka rasa wa zai durƙusa wa wa. Teloli da 'yan keke sun yi sati suna musu a kan wannan.

Da iyayen Badruddeen suka zo neman aurenta, Alhaji bai kore su ba, bai kuma karɓa ba. Ya ce ba ya son muryar 'yarsa a kowane shagon aski. Ga kuma wani malami da ya taɓa cewa labarin injin da ke sanin abin da mutum zai aikata gobe wasa ne da ƙaddara. Sai ya kafa sharaɗi: ta ajiye karatun har bayan babbar salla. In ta cika alkawari, zai sa rana.

Ta yi alkawarin, ta kuma riƙe shi. Ko shafin ta daina buɗewa don kada zuciyarta ta ja ta.

"Ki saurare ni," in ji Alhaji, muryarsa ta sauko. "Ni uba ne. Na san abin da mutum ke so yana da wuyar bari. In kin ce Baba na kasa haƙuri, na yi kuskure, zan yi faɗa in ƙara muku wa'adi, shi ke nan. Amma in kika tsaya a kan rantsuwar ƙarya, to maganar yaron nan ta mutu, don zan san shi ya koya miki. Ki je ki yi tunani. Bayan la'asar ina nan."

A ɗakin mahaifiyarta kukan ya ƙwace mata.

Hajiya Maimunatu ta bar tsintar acca da take yi, ta jawo ta jikinta.

"Ki faɗa mini ni kaɗai. Ba zan kai masa ba."

"Mama, ko ke ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da ke, amma ina da kunne. Ni na haife ki. Tun kina koyon magana na san muryar nan. Ko dai kin karanta tun da can, kafin alkawari, kin manta?"

Madina ta janye jikinta kaɗan. Tambayar ta shige ta fiye da faɗan Baba. Labarai da yawa ta karanta, wasu a gajiye bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa, wasu sau uku ana sakewa. Zai yiwu akwai wanda ya ɓace mata? Ta karɓi wayar Mama ta nemo labarin. Sunansa Mai Gadin Masu Barci, kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wasu biyu kafinsa, duk bayan ranar alkawarin, duk da muryarta. A ƙarƙashi mutane sun yi ta rubutu: barka da dawowa Anti Madina, mun yi kewarki.

Ta kunna ɗaya ta kara a kunne. Ta ji kanta tana bayanin wani birni a ƙarƙashin teku. Ta runtse ido tana neman ranar da ta faɗi haka, ɗakin da ta zauna, kayan da ta saka. Babu komai.

"Mama, ko dai kaina ne ya taɓu?"

"Subhanallahi, daina faɗin haka."

"To ta yaya mutum zai yi magana bai sani ba?"

Ta kira Badruddeen. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, sai aka ce a kashe take.

Mama ta koma kan accarta, tana tsinta ba tare da ta duba abin da take tsinta ba.

"Ni dai tun farko na faɗa miki, yaron nan kansa a sama yake, cikin taurari. Mai aure ƙasa yake kallo. Ga Dakta Mahdi nan, bai taɓa ɗaga wa kowa hankali ba."

"Mama, don Allah ba yau ba."

"Ai yau ɗin ce ma. Yana zaure tun ɗazu, ya ce ke yake son gani."

Mahdi likitan dabbobi ne, shi ke duba lafiyar shanu a Abatuwa kafin a yanka. Ɗan aminin Alhaji ne, kuma ya riga Badruddeen nuna yana sonta. Ta ba shi haƙuri tun lokacin, ya karɓa, amma bai daina zuwa gaishe da iyayenta ba, bai kuma nemi wata ba.

Ta fito da jan ido, ta zauna a ƙarshen benci.

"Yaya Mahdi, in jaje ka zo yi mini, na gode. In kuma ka zo ne ka ce dama ka faɗa..."

"Ban taɓa faɗin komai ba, Madina. Ina wurin aka kunna abin nan da safe. Na zo ne in gaya miki na san ba ke ba ce."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Ta yaya ka sani? Ni kaina ban sani ba."

Ya ɗan sunkuyar da kai, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa.

"Babu labarinki da ban saurara ba. A mota nake ji, in zan tafi ƙauyuka rigakafi. Wasu na maimaita har na haddace. Ke in kina karatu kina numfashi. Kafin ki faɗi abu mai nauyi sai kin ja iska, ana ji. Wani lokaci ki haɗiye yawu, wani lokaci dariya ta so ƙwace miki ki danne. Wannan ta yi doguwar magana ba ta ja numfashi ko sau ɗaya ba. Sake saurara."

Ta kunna. Ya yi gaskiya. Muryar tana tafiya sumul, babu tuntuɓe, babu hutu irin na mai ƙirji.

"Akwai manhajar da ake ba wa tsofaffin maganganun mutum," in ji Mahdi, "ta koyi muryarsa. Daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗa da bakinsa."

"Na san akwai. Amma wa zai yi mini haka?"

"Ba zan kira sunan kowa ba. Kin fi ni sanin wanda ke da maganganunki a ajiye, da wanda ke da makullin shafin."

"A'a. Ba zai yi ba. Wataƙila kutse aka yi masa."

"Wataƙila," ya ce, bai ja ba. "In kin yarda, zan shiga in yi wa Alhaji bayani yanzu."

"Kada ka shiga, don Allah. Ka bar ni tukuna."

Ya miƙe yana gyara hularsa.

"Ban zo don in ci riba da kukanki ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, har yau ina nan inda kika bar ni."

Ta bi bayansa da kallo har ya fita. Mutumin da ta ƙi, shi ne kaɗai yau ya gane ta. Ta rasa inda za ta ajiye wannan a zuciyarta.

Ta ce wa Mama za ta je wurin Kaneng. Ana yayyafi ta tari keke zuwa Daɗin Kowa, iska mai sanyi tana shigowa ta gefen labule. Direban ya kunna wani abu a wayarsa, ta ɗauka muryarta ce za ta fito, sai ta ji ashe wa'azi ne.

Kaneng ƙawarta ce tun jami'a. Tana da ɗan ɗakin ɗaukar murya a bayan shagon mahaifiyarta, an manna katifu a bango don hana ƙara. A nan aka ɗauki duk Labaran Jibi.

"Madina, kai ne da ruwan nan?" in ji Kaneng da irin Hausarta, tana karɓar lemarta. "Ni ina fushi da kai fa. Ka koma rikodin a gida, ka bar ni ko sallama."

"Ban yi rikodin ko ɗaya ba, Kaneng."

"Kamar yaya? Sabbin labari guda uku fa?"

"Ba ni ba ce. Badruddeen yana nan?"

Kaneng ta ajiye lemar. Ta waiga wajen ƙofar ɗakin, sannan ta dawo da kallonta.

"Tun safe oga yana ciki. Bai ci komai ba, bai yi aiki ba, ya zauna kawai. Abeg ku yi magana a hankali, Mama yana shago."

Da Madina ta shiga, Kaneng ta bar ƙofar a buɗe, ta ja kujera ta zauna a bakinta.

Badruddeen yana zaune gaban kwamfutarsa, wayarsa a kife a kan tebur. Da ya gan ta ya miƙe, bai iya haɗa ido da ita ba. Wannan kaɗai ya ishe ta amsa, amma ta ƙi karɓa.

"Badar, ce mini kutse aka yi maka."

Ta matso kusa da shi.

"Ce mini wani ne ya sace maganganuna. Zan yarda. Wallahi duk abin da ka faɗa zan yarda."

"Ni ne, Madina."

Ta zauna a kujerar da ta saba zama in za ta karanta, makirufo na gabanta.

"Tun safe ake tambayata ko ni ce," ta ce a hankali. "Baba ya tambaye ni, Mama ta tambaye ni, har na fara tambayar kaina. Na zauna ina tunanin ko na haukace. Kai kuma kana nan ka kashe waya."

"Na ji abin da ya faru a Abatuwa. Na rasa da wane baki zan amsa miki."

"Ai kana da bakina. Da ka amsa da shi."

Ya runtse ido kamar ta mare shi.

"Ki bar ni in faɗa miki yadda aka yi. Da kika daina, ni na karanta labari na farko da kaina. Mutane suka watse. Wani makaho da ke saurarenmu daga Bukuru ya turo saƙo, ya ce shi ba ya iya karanta rubutun, kuma muryata ba ta shiga kansa. Direbobi suka yi ta tambaya ina Anti. Abin da muka gina tare yana rushewa a gabana."

"Sai ka zaɓi shafi a kaina."

"Ba haka ba ne. Da farko ba don a saka na yi ba. Na kasa rubutu, Madina. Duk jimlar da na rubuta, da muryarki nake jin ta a kaina, ranar da kika yi shiru sai komai ya tsaya. Na haɗa abin ne don ni kaɗai, in ji yadda labarin zai fito. Da na ji, sai na ce bari in saka guda ɗaya. Na ce Baba ba ya shiga Yutub. Na ce ai ba ki karya alkawari ba tunda ba ke kika yi magana ba."

"To wa ya yi maganar?"

"Inji ne."

"In inji ne, me ya sa mutane ke ce mini barka da dawowa, ka yi shiru? Me ya sa ba ka rubuta a ƙasa cewa ba ita ba ce?"

Ta ɗora da cewa:

"In ni ce, na karya alkawari ban sani ba. In ba ni ba ce, ka yaudari duk mai saurarenmu. Wanne ne, Badar? Kai ne mai son irin waɗannan tambayoyi. Amsa mini wannan."

"Ban sani ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kalmomin nan na mai gadin masu barci, ka san ban taɓa faɗa maka irinsu ba. Kunya ba ta bar ni ba. Ina ajiye su sai ranar da aka kai ni ɗakinka. Kai kuma ka kasa jira, ka rubuta wa kanka, ka sa aka faɗa maka da muryata, duk Jos tana ji."

Ya durƙushe a gabanta, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Na cuce ki. Ba ni da abin kare kaina. Amma Allah ya sani son ki ne ya kai ni, ba raini ba."

"Ni dai na rasa ganewa. Ni kake so, ko muryar? Don ita ka riga ka samu. Ba ta gajiya, ba ta da uba mai sharaɗi."

"Kada ki ce haka."

"Ba gatse nake yi ba. Tambaya nake, don wallahi ban sani ba."

Daga bakin ƙofa Kaneng ta share ido da bayan hannu.

"Oga Badar, wannan abu bai yi kyau ba sam."

Badruddeen ya miƙe.

"Zan je in gaya wa Baba gaskiya."

"Ba za ka je ba." Ta tashi tana gyara mayafi. "Ya ce in na amsa laifi zai yafe, ya ƙara wa'adi. In ya ji kai ka ƙera muryar 'yarsa, har abada ba za ka sake taka gidanmu ba."

"Sai ki ɗauki laifin da ba ki yi ba?"

"Ban san abin da zan yi ba. Ka dai zauna inda kake."

A hanyar komawa ruwan ya tsananta. Ta jingina kai da ƙarfen keken tana jera maganar da za ta faɗa. Baba na kasa haƙuri. Baba na yi kuskure. Kalmomi ne masu sauƙi. Sai dai da safe ta rantse da Allah a kan gaskiya, yanzu kuma za ta je ta ƙaryata rantsuwarta saboda mutumin da ya jefa ta a ciki. Tana jin haushinsa har ƙirjinta na zafi, tana kuma tuna bai ci komai ba tun safe, sai tausayinsa ya kama ta. Ta rasa wanne ne nata a cikin biyun.

Bayan la'asar ta same shi a inda ta bar shi, carbi a hannu. Mama na zaune a gefe.

"Na saurare ki," in ji Alhaji.

Ta durƙusa.

"Baba, na yi tunani. Abin da na faɗa da safe..."

Sallama ta katse ta daga zaure. Ta san muryar. Ta rufe ido.

Badruddeen ya shigo jiƙe sharkaf, ya rungume jakar kwamfutarsa a ƙirji don kada ruwa ya taɓa ta. Ya zube a bakin ƙofa.

"Baba, ka gafarce ni na shigo ba a kira ni ba. Duk abin da Madina za ta faɗa yanzu, in ta ce ita ce, to rufa mini asiri take yi. Ba ta karya alkawari ba. Ni na haɗa muryar da inji."

Alhaji ya dube shi, ya dubi 'yarsa.

"Kun shirya wannan ne a hanya? Inji ya yi maganar mutum har uwarsa ta kasa ganewa?"

"Ka ba ni izini in nuna maka. Ka faɗi duk maganar da kake so."

Alhaji ya gyara zama.

"Rubuta: saniyar da aka kawo daga Mangu ba ta da lafiya, a mayar wa mai ita."

Badruddeen ya buɗe kwamfutar, ya rubuta. Falon ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

"Saniyar da aka kawo daga Mangu ba ta da lafiya, a mayar wa mai ita."

Muryar Madina ce, tas. Ita kuwa tana durƙushe a gabansu, leɓɓanta a rufe, hawaye na bin kumatunta.

Mama ta dafe ƙirji tana salati. Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa. Ya kalli bakin 'yarsa, ya kalli kwamfutar, ya sake kallon bakinta. Madina ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifinta ba sai yau.

"Ke nan," ya ce a hankali, "in ka ga dama gobe ka sa ta ce ta yafe sadaki. Ko ka sa ta zage ni."

"Ba zan taɓa ba, Baba."

"Da safiyar jiya ma da an tambaye ni, cewa zan yi ba za ka taɓa yin wannan ba. Goge shi. A gabana."

Badruddeen ya goge, ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna masa. Sannan ya shiga shafin ya sauke labaran uku.

Alhaji ya juya ga 'yarsa. Muryarsa ta yi rauni.

"Madina, kin rantse mini ban yarda ba. Har na buɗe miki ƙofar ƙarya na ce ki shiga. Ki yafe mini."

"Baba, don Allah..." Kuka ya hana ta ƙarasawa.

"Na janye sharaɗina. In karatu kike so, ki koma ki yi da bakinki. Gara in ji murya in san 'yata ce a bayanta." Ya nuna Badruddeen ba tare da ya dube shi ba. "Shi kuma wannan, ya yi abin da ban taɓa jin an yi wa mace ba. Ya kuma shigo cikin ruwa ya tona wa kansa asiri, alhali da ya yi shiru da ya tsira. Ban san a wane ma'auni zan ɗora shi ba. Ke aka yi wa laifi. In kin ce ya sake zuwa, zan duba. In kin ce a'a, magana ta ƙare yau."

Duk suka zuba mata ido.

Ta dubi Badruddeen. Ruwa na ɗiga daga gemunsa zuwa kan darduma, bai ɗago ba, bai roƙe ta da ido ba. Ta nemi fushin da ta taho da shi daga Daɗin Kowa, ta same shi yana nan. Ta nemi son, shi ma yana nan, ko kaɗan bai ragu ba.

"Baba, ban sani ba."

Alhaji ya gyaɗa kai.

"To har ki sani, ƙofata a rufe take gare shi. Tashi ka je, Badruddeen."

Ya tattara jakarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya sa takalmansa ya shiga cikin ruwan.

Madina ta yunƙura za ta tashi, Mama ta riƙo hannunta.

"Zauna, akwai sauran magana. Alhaji, gara ta ji yanzu."

Alhaji ya ja carbinsa, bai kalle ta ba.

"Mahaifin Mahdi ya kira ni da rana. Ya ce in na ba su dama, ranar Asabar za su turo manya. Lokacin ina cikin fushi." Ya ɗago ya dube ta. "Na ce su zo."